Ni Na Kunna Wutar Jirgin?

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran. Gaisuwar ke nan, ka riƙe ta da kyau, don sauran takardar ba daɗi za ta yi maka ba.

Na daina kiranka a waya. Duk na kira sai ka juye zuwa Turanci, ka yi ta zuba shi kamar mai karanta labarai, in na ce "me ka ce?" sai ka ce manaja na kiranka. To ga takarda nan na ba direban babbar motar da ke ɗauko mana takardun bugu daga tashar jirgin ruwa. Ka ba shi amsa a rubuce, da Hausar da na koya maka lokacin da nake goya ka kana jiƙa mini baya.

Ka san abin da ke gabana, amma bari in tuna maka tunda kai yanzu babban ma'aikaci ne a kamfanin fiton kaya. Injin ɗab'in da na saya daga ƙasar waje, kai na damƙa wa shigo da shi. Saboda shi na fitar da Tsohuwa, injin da Baba ya bar mana, na fasa ƙasan shago na zuba sabon dandamalin siminti daidai girmansa. Makarantu sun ba ni aikin littattafan rubutu da katin sakamako na shekara guda, da sharaɗin in kai kafin yara su dawo daga hutu. Da wannan aikin zan sabunta hayar shago. In aikin ya kuɓuce, shagon da Baba ya buɗe da hannunsa ya rufe ke nan. Baba Mai Inji, wanda ya yi wa mahaifinmu aiki tun ba a haife ka ba, kullum sai ya zo ya share dandamalin nan ya zauna a gefensa yana kallona. Ni kuma in kalli wa?

Da farko ka ce mini akwai wani abu wai shi ETA, ranar da jirgi zai iso. Na zagaye ranar a kalanda da jan biro. Ta zo ta wuce, sai ka ce ai ETA kintace ne kawai. To me ya hana ka ce kintace tun farko? Da Hausa bakinka zai yi ciwo?

Yanzu kuma ka turo mini wani sabon salo. Wai jirgi ya kama da wuta a tsakiyar teku, an kashe, ya iso, an sauke kwantenata, amma ba za a ba ni ba sai na sa hannu a wata takarda na kuma ajiye kuɗi, saboda general average. Wane janar ne wannan, a wane bariki yake? Na biya kuɗin inji, na biya kuɗin jirgi, na biya na kwastan. Raina a ɓace yake, Auta, kuma ba na son kwana-kwana. Ka faɗa mini wa ya riƙe mini inji, kuma a kan me.

Ka gaida matarka, ita ba ta yi mini komai ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Na samu takardarki, na kuma karanta ta a tsaye, domin ba irin wadda ake karantawa a zaune ba ce. Direba ma sai da ya ce mini "sannu" kafin ya miƙa.

Zan yi bayani da Hausa kamar yadda kika umarta. Ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki biro.

General average ba soja ba ne. Tsohuwar ƙa'ida ce ta masu jirgin ruwa, ta girmi kakanninmu. In jirgi ya shiga hatsari, kyaftin ya ga ba tsira sai an sadaukar da wani abu, ko a jefa wasu kaya a teku, ko a cika wani sashe da ruwa, ko a kira jiragen ceto su ja shi, to wanda aka ɓata wa kaya da gangan don sauran su tsira ba a barinsa ya ɗauki asarar shi kaɗai. Duk wanda kayansa suka kuɓuta, har da mai jirgin kansa, kowa zai ba da kaso daidai darajar kayansa, a haɗa a mayar wa waɗanda suka rasa. In kina son sunansa da Hausa, ki ce raba asara.

Takardar da ake so ki sa wa hannu ita ake kira average bond. Alkawari ce cewa in masu lissafin asarar sun gama za ki ba da kasonki. Waɗanda suka yi wa kayansu inshora ba su da wannan ciwon kan, kamfanin inshorarsu ne ke tsaya musu. Ke kuwa sai kin ajiye da kanki. Kin tuna ranar da na ce a yi wa injin inshora? Kika ce Allah ne inshorarki, ni kuma kamasho nake nema. A gaban matata kika faɗa. Wannan tunatarwa ce kawai.

Ga abu guda da nake so ki riƙe da hannu biyu. An sauke kwantenarki, amma ba a buɗe ta ba. A kan takardarta an rubuta subject to survey, wato sai mai duba ɓarna ya zo ya buɗe ya ga halin da kayan ke ciki. Waɗanda aka loda a can ƙasan jirgi su ake dubawa daga ƙarshe, taki tana cikinsu. Don Allah kada ki yi magana da kowa, kada ki ɗauki wani mataki, sai an buɗe.

Batun Tsohuwa kuma, tunda ke kika ɗauko shi. Yaya, ni ma ubana ne. A kan injin nan na koyi karatu, ina harhaɗa baƙaƙe Baba yana dariya. A bakin direba na ji cewa masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun daddatsa ta a ƙofar shago. Ko a waya ba ki kira ni ba, kuma lokacin ba ki yanke wayar ba tukuna. Wannan ya ƙona mini rai, na ga gara in faɗa.

Ki gaida Baba Mai Inji. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke, in ban da hawan jinin da takardarka ta ƙara mini.

Na karanta har ƙarshe, har sau biyu. Hausarka ta fita, ban da abin cewa. Sai dai da ka fassara sai abin ya fi muni, don da Turanci na ɗauka wata doka ce mai zurfi, da Hausa kuwa sai na ga fashi ne tsirara, an sa masa riga da nakatayi. Wato wani can da ban san fuskarsa ba kayansa sun jiƙe, ni zan biya? Ni na gina jirgin? Ni na loda shi? Ni na kunna wutar? Mai jirgi ya karɓi kuɗina don ya kawo mini kaya lafiya, ya kasa kula da jirginsa, sannan ya dawo yana miƙo mini ƙoƙon bara. Haba! In motar direban nan ta ƙone a hanya, zai zo ya ce in sayo masa taya?

Ka ce kada in yi magana da kowa. Auta, tun yaushe ka fara sa mini takunkumi? Ashe ba ni kaɗai ba ce. A layinmu da bayansa akwai masu kaya a jirgin nan: mai kayan gyaran babur, mai fitilun sola, masu yadi, da Hajiya Mai Tayal, wadda babban shagonta ke kan kwana. Duk ejan-ejan ɗinsu sun cika su da Turanci irin naka, sun tsorata, saura ƙiris su sa hannu. Na tara su a shagona. Ba kujerun da za su ishe mu, sai na hau kan dandamalin injina na tsaya, na karanta musu bayaninka kalma da kalma. Ka ga amfanin Hausa? Nan take kowa ya gane abin da ake shirin yi masa. Na ce musu, wanda kayansa suka lalace Allah ya mayar masa, amma ba daga aljihunmu ba. Na ce kowa ya tambayi kansa, ni na kunna wutar? Wallahi sai da shagon ya ɗauka. Hajiya Mai Tayal ta rungume ni tana cewa ni ce namijin layin nan.

Surukinta lauya ne. Ya zo ya duba, ya ce akwai ƙofa: in an nuna cewa jirgin da ma can ba shi da lafiya kafin ya tashi, ba wanda za a tilasta wa ba da ko sisi. Mun shigar da ƙara, sunana ne a farko. Ya ce zai sa kotu ta dakatar da rabon asarar nan gaba ɗaya har sai an gama shari'a.

Baba Mai Inji ne kawai ya ja ni gefe yana cewa in bari a buɗe kwantenar tukuna kamar yadda ka ce. Na ce masa kai da shi duk tsoro ya yi muku yawa. Injina sabo fil yake a cikin akwatin ƙarfe, an naɗe shi da leda, na ga hotonsa kafin a rufe. Me zai same shi?

Inshora kuma da kake goranta mini, ka ci gaba. Tsohuwa kuwa, ina kake lokacin da take cinye mini takarda tana tofar da tawada a kan aikin mutane? Kai ka koyi karatu a kanta, ni na yi shekaru ina kwana da ciwon baya a kanta. Da ka so ta, da ka zo ka ɗauke ta ka ajiye a falonka.

Ka faɗa wa mutanenka su shirya. Ka shafa mini kan yaran.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ki yi haƙuri.

Yau manaja ya kira ni ofishinsa ya ajiye mini takardar lauyanku a kan tebur, ya sa yatsa a kan sunanki ya ce, "Wannan ba yayarka ba ce?" Na rasa inda zan sa kaina. Bayanin da na zauna na rubuta miki don ki fahimta, shi kika ɗauka kika hau dandamali kika yi kamfe da shi. Kin kyauta.

Ki saurare ni ko sau ɗaya a rayuwarki. Shari'ar jirgin ruwa ba irin ta kan iyakar gona ba ce, ana iya aurar da yaran da ke firamare yau ba a gama ta ba. Muddin kotu ta dakatar da rabon, masu lissafi ba za su rufe littafi ba, waɗanda aka ɓata wa kaya kuma ba za su ga komai ba. Mutane ne, Yaya. Suna zuwa ofishinmu kullum. Akwai wani dattijo mai kayan asibiti da ya zauna a bencinmu ya kasa tashi. Kayansu aka nutsar da gangan don naki da na Hajiyarki su iso.

Kuma na faɗa miki ba a buɗe kwantenarki ba. Ki janye sunanki, ki ce su dakata har a buɗe. Ba umarni nake ba ki ba, roƙo nake.

Auta

*

Auta,

Wa'alaikas salam. Dattijo mai kayan asibiti Allah ya ba shi haƙuri. Ni ina ruwana da shi? Ba ni na kunna wutar ba, ba kuma zan janye ba. Kotu ta riga ta amince da dakatarwar. Ka ce wa manajanka yayarka tana gaishe shi.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki a zaune. In ba a zaune kike ba, ki nemi wuri. In Baba Mai Inji yana kusa, ki kira shi ya zauna tare da ke.

Na yi shiru kwanakin nan saboda fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce ba zan sake rubuto miki ba. Amma jiya aka buɗe kwantenarki, kuma ina wurin.

Mai duba ɓarna ya zo da kyamararsa, ni na tsaya a madadinki. Daga waje ba abin da ya same ta, ko fentin bai ƙone ba. Da aka yanke hatimi aka ja ƙofa, sai ruwa ya zubo mana a kan takalma, baƙi, mai warin teku da ƙauri. Akwai layin datti a jikin bangon ciki, ya wuce kaina. Ledar da kika gani a hoto tana nan, ita ce ma ta riƙe ruwan gishirin a jikin injin duk tsawon makonnin nan. Rololin da ke shafa tawada sun kumbura, tsatsa ta cinye ƙarafan da ke juyawa, akwatin lantarkin kuwa da na buɗe shi sai laka. Na sa hannu na gwada juya babban gargaren, ko motsi bai yi ba. Mutumin ya rubuta total loss. Ba sai na fassara ba, amma tunda kin ce komai da Hausa: ya tashi daga aiki, ba mai gyara shi.

Ga yadda abin ya faru. Wutar ba a sashen da kwantenarki take ta tashi ba, a na kusa da shi ne. Kyaftin ya ga in ta tsallako jirgin ya tafi, sai ya ba da umarni a cika sashenku da ruwan teku don ya tare ta. Ya tare ta kuwa. Wuta ba ta taɓa injinki ba, Yaya. Da gangan aka nutsar da shi don jirgi ya tsira, da ma'aikatansa, da yadi, da fitilun sola, da tayal.

Kin ga inda maganar ta nufa. Da wuta ce ta cinye shi, ba inshora, da ba ki da komai sai haƙuri. Amma tunda sadaukar da shi aka yi, ƙa'idar nan da kika kira fashi ta ce a mayar miki. Kina cikin waɗanda za a haɗa wa. Ke da dattijo mai kayan asibiti layi ɗaya kuke. Har ma akan ba irinku wani abu na wucin gadi daga abin da aka fara tarawa, wanda da zai isa ki yi hayar inji a wani wuri ki fitar da aikin makarantu. Na tambaya yau da safe. Suka ce ba za a taɓa asusun ba, akwai umarnin kotu. Suka nuna mini takardar, da sunanki a farko.

Na fita waje na zauna a kan wata tsohuwar taya, raina yana tafasa, na rasa da wa zan yi faɗa. Ina jin haushinki kamar in yi ihu, kuma ina jin tausayinki.

Hanya ɗaya ta rage. Duk waɗanda ke cikin ƙarar su janye su sa hannu, da wuri. Ke kika tara su, ke kaɗai za ki iya warware su.

Allah ya ba mu haƙuri. Matata tana yi miki jaje.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na ga saƙo. Baba Mai Inji ya karanta bayana, ya ninke takardar, ya ɗauki tsintsiyarsa ya jingine a bango, ya tafi gida. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kai kuma ka sani! Kada ka ce mini ba ka sani ba. Mutumin da ya san a wane sashe aka loda kwantena, ya san inda aka zuba ruwa. Ka zauna ka rubuto mini subject to survey, ka fassara shi a sanyaye kamar mai karanta dokar hanya. Me ya hana ka ce, "Yaya, ina tsoron injinki na cikin ruwa"? Kalma nawa ce? Da ka faɗi haka, kana ganin zan hau dandamali? Kun saba a ofishinku, ba ku cewa komai sai an buga hatimi, har yayarka ma sai ka yi mata magana irin ta kwastoma. Hausa ka rubuta, amma bakin kamfani ne.

Na san me za ka ce, cewa ba ka tabbatar ba, kuma ko ka faɗa ba zan ji ba. Riƙe abinka, ba yau zan saurare shi ba.

Yanzu dai su biya ni. Injina ne ya mutu don tayal ɗin Hajiya ya iso a bushe, kai ka faɗa da bakinka. Na bi abokan ƙarar shago-shago, ina roƙon su janye su sa hannu. Mai kayan babur ya ce shi duk abin da jama'a suka yi. Masu yadi suka ce in ga Hajiya, tunda surukinta ke riƙe da shari'a. Mai fitilun sola yana hango ni ya shige bayan kanta, ina ganin ƙafafunsa. Na je wurin Hajiya, an ce ta fita. Na koma, an ce tana salla. Na zauna har aka rufe shago, sallar ba ta ƙare ba. Zan koma gobe. Matar da ta rungume ni a gaban jama'a ba za ta rufe mini ƙofa ba.

Shugabar makarantun ta aiko tana tambaya ko an fara bugu. Na ce ana kan shiri.

Ka gaida gida.

Yayarka

*

Zuwa ga 'yar'uwata Mai Ɗab'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya gida, ya kasuwa, ya kuma haƙuri? Labarin injinki ya same ni, wallahi har abinci na kasa ci. Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya sa kaffara ce.

An ce kin yi ta zuwa ba ki same ni ba. Ki gafarce ni, hidima ce ta yi yawa. Na ga gara in rubuto, tunda surukina ya ce yanzu duk maganar da ta shafi jirgin nan a yi ta a rubuce.

Albishirinki, lauya ya samo mana umarni, kayanmu za su fito bisa lamunin banki, shari'a kuma ta ci gaba a hankali ba gaggawa. Tayal ɗina ma gobe za a fara lodi. Duk wannan albarkacinki ne. Da ba ki tara mu ba, da tuni mun sa hannu cikin jahilci.

Game da batun janyewa, na zauna da sauran mun tattauna. 'Yar'uwa, abin da wuya. Mun riga mun biya lauya kuɗinsa, magana ta yi nisa. Kuma gaskiya ni maganarki ce ta shige ni, har yau ban ga inda ta karkace ba. Kin ce wanda kayansa suka lalace Allah ya mayar masa, amma ba daga aljihunmu ba. Kin ce kowa ya tambayi kansa. To na tambayi kaina, 'yar'uwa, na sake tambaya: ni na kunna wutar?

In an ci shari'a, sai ki bi mai jirgi ya biya ki, muna bayanki da addu'a. Kuma in kin tashi gyaran shago, ki zo ki zaɓi tayal, zan yi miki ragi na musamman.

Ki huta lafiya. Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Hajiya Mai Tayal

*

Auta,

Salamu alaikum.

Ga takardar Hajiya nan na haɗo maka, ka karanta, Hausarta ta fi taka fita. Ga kuma average bond ɗinku, na janye sunana daga ƙara na sa hannu. A cikin duk waɗanda suka taru a shagona ranar nan, ni kaɗai ce. In ka ga dattijo mai kayan asibiti, ka ce ya matsa mini a bencin.

Makarantu sun ba wani mai ɗab'i aikin. Mai ginin da nake haya ya ba wani mai sayar da katifu shagon, ƙarshen wata zai shiga. Mai katifun ya zo yana tambaya ko dandamalin zai fasu, na ce masa siminti mai kyau na zuba, ya nemo majiya ƙarfi.

Baba Mai Inji ya taya ni sauke allon sunan shago da Baba ya kafa a saman ƙofa. Wannan karon ban sayar ba, ban kuma yanke komai ni kaɗai ba. Yana ɗakina a jingine. Ka zo mu ga inda za a ajiye shi.

Kada ka rubuto ka ce ka faɗa mini, ko da Turanci ko da Hausa. Ka zo kawai.

Yayarka